Abaqus ko ANSYS don binciken bim ɗin kankare?

Ɗan'uwanmu ya tambaya a zaure: zai fara binciken digiri na biyu kan bim ɗin kankare mai rodi wanda aka sa wa tokar buntun shinkafa a madadin wani kaso na siminti. A manhajojin kwamfuta na lissafin ƙarfin gini, Abaqus zai koya ko ANSYS?

A tushe aikinsu ɗaya ne. Ana yanka bim ɗin a kwamfuta gutsi-gutsi, gutsattsarin su haɗu a mahaɗai kamar raga, a ɗora nauyi a ga inda ƙarfi ya taru. Sai kankare ya fara tsagewa bambancin ke fitowa.

ANSYS ya fi sauƙin shiga, kuma na ɗalibai kyauta yana ɗaukar mahaɗai har 128,000. Na Abaqus kuwa 1,000 kacal. Lissafa da kanka: bim mai faɗin milimita 150, zurfi 250, tsawo 2,000, in ka yanka shi milimita 25-25, mahaɗai 6,237 ne. Ke nan Abaqus na kyauta ba zai ɗauka ba, sai sashenku yana da cikakken lasisi. Tambayi wannan tun kafin ka rubuta shawarar bincikenka.

Amma a kan tsagewar kankare, Abaqus muke fifitawa. Tsarinsa na CDP (Concrete Damaged Plasticity) yana bin lalacewar kankare a matsi da a ja, kuma rodin ana saka shi a matsayin siririn gutsure kamar zare, mai suna T3D2, a binne cikin kankaren. A ANSYS, tsohon gutsuren kankare mai suna SOLID65 sai ka rubuta masa umarni da hannu, kuma lissafin yakan tsaya da zarar tsaga ta yi yawa.

Hattara da abu biyu a Abaqus. Ba ya sanin ma'auni: in ka zana da milimita, ƙarfi ya zama niyutan, matsi megafaskal, nauyin ƙarfe kuma tan 7.85e-9 a kowace kubik milimita, ba kilo 7,850 a kubik mita ba. Na biyu, bayan tsagewa sakamakon yana canzawa da girman raga, domin lalacewar tana taruwa a layi ɗaya na gutsattsari. Gwada raga ta milimita 50, 25 da 12.5, ka shigar da halin ja ta hanyar kuzarin tsagewa (kuzarin da ake buƙata don buɗe tsaga) maimakon tsayayyen jadawalin ƙarfi da miƙewa.

Duk wanda ka zaɓa, Malam, alƙaluman da za ka ba shi daga ɗakin gwaji za su fito. Tokar buntu tana iya jinkirta ƙarfin farko, don haka kada ka aro ƙimar kankaren yau da kullum daga littafi. Zuba ’yan kub na milimita 150, uku-uku a kowane kaso, 5, 10 da 15 cikin ɗari, ka murƙushe a kwana 7 da 28. Ƙara silinda mai faɗin milimita 150, tsawo 300, don ƙarfin ja. Sannan a karya aƙalla bim ɗaya na gaske da nauyi a wuri biyu, a auna lotsawar tsakiyarsa, a kwatanta da abin da kwamfuta ta bayar.