Dillalan gidaje a Maraɗi: abin da mai fansho zai tarar in zai sayar da gidansa

Dattijon da ya yi ritaya, ƴaƴa sun watse, yana son ya sayar da babban gida ya koma ƙarami, kusan dole ya bi ta hannun dillali. Wajen nemo mai saye, dillalan garin nan sun cancanci yabo. Sun san farashin unguwa-unguwa, sun san gidan Ali Ɗan Sofo da na Bagalam ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma suna da hanyar shiga wurin Alhazai ƴan kasuwa.

Inda aikinsu ke da rauni shi ne takardu da la'ada. Sau da yawa dillalai uku ko huɗu ke jeruwa kan gida ɗaya, kowa ya ɗora nasa, farashi ya kumbura, gida ya yi watanni ba mai tayawa. A yanke la'ada tun farko, a rubuta. Misali, in an shirya kan kashi 5 cikin 100, gidan miliyan 20 na sefa la'adarsa miliyan 1 ce, kuma a fayyace wa zai biya.

Kafin a karɓi kafin alƙalami, a duba takardar fili ta ma'aikatar magajin gari, ko titir fonsiye (takardar mallakar fili mai rajista a hukuma) in akwai, sunan mai gida ne a kai? In gidan gado ne, sai duk magada sun yarda, in ba haka ba ciniki ya ƙare a gaban alƙali. A biya bashin NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, da na ruwa. A sa hannu gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, da shaidu.

Abin da dillalai suka fi mantawa, kuma ya fi cutar da tsoho, shi ne wa'adin tashi. A rubuta wata biyu ko uku a cikin yarjejeniya, kada Baba ya miƙa makulli bai sami inda zai kwana ba.