Sharhi a kan matatar ruwa mai kyandir ɗin yumɓu da matsalar fumfuna a ruwan sha

Matatar da nake magana a kanta irin mai bokiti biyu ce, ɗaya a kan ɗaya, da kyandir ɗin yumɓu, wato sandar da ke tace ruwan, a cikin na sama da ɗan famfo a jikin na ƙasa. A Kano na saye ta, kuma tun daminar bara muke amfani da ita a gidanmu da ke wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ruwanmu daga tankin burtsatse yake fitowa, 'yan garuwa su kawo a jarkoki, a juye a randa. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin irin waɗannan jarkoki ya san baƙin yauƙin da ke manne a jikinsu, wanda ƙwayoyin cuta da fumfuna suke taruwa a cikinsa, kuma shi ne yake sa ruwa wari idan ya kwana.

Abin da ya sa na damu shi ne mahaifina, wanda ya gama shan maganin tarin tibi amma huhunsa bai koma daidai ba. Masana sun sha samun fumfuna irin su Aspergillus da Penicillium da Fusarium a cikin tankuna da bututun ruwa a ƙasashe da dama. Mai cikakkiyar lafiya ba kasafai take yi masa illa ba idan ya sha, amma ga mai ƙanjamau ko ciwon suga ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, lamarin ya bambanta. Aspergillus tana iya samun mazauni a ramukan da tibi ya bari a huhu, galibi ta hanyar shaƙa, Fusarium kuwa tana kama ƙwayar idon da ta samu rauni, abin da manoma suka fi fuskanta lokacin girbi. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu barazana ga lafiyar ɗan Adam, kuma waɗannan biyun suna ciki.

A nan ne matatar ta gamsar da ni. Ƙwayoyin irin da fumfuna take bazawa sun fi yawancin bakteriya girma, saboda haka kyandir ɗin da ba shi da tsaga yana tare su, alhali maganin kulorin da ake ɗigawa a ruwa ya fi saurin kashe bakteriya a kan waɗannan ƙwayoyi masu taurin fata. Ruwan yana fitowa garau, warin ya ɓace, har yara suka daina neman na randa.

Sai dai akwai abin da mai shagon bai faɗa ba, takardar da ke cikin kwalin ma ba ta ambata ba, kuma shi ne babban aibinta a wurina. Bokitin ƙasa da bakin famfon kullum a jiƙe suke, a rufe, cikin ɗumi, wato ainihin yanayin da fumfuna take so. Idan aka bar su ba wanki, ɗigo-ɗigon baƙi zai bayyana a ƙarƙashin murfi da cikin famfon, sai ruwan da aka tace ya sake gurɓacewa kafin ya kai baki. Yanzu duk mako muna wanke bokitin da tafasasshen ruwa, mu shanya shi a rana ya bushe sarai, kyandir ɗin kuma a goge shi da soso mai laushi ba tare da sabulu ba. Ruwan Baba na sha da na wanke ido kuwa har yanzu ana tafasa shi bayan tacewa, domin matatar yumɓu ba ta iya tare komai, kuma ba zan jingina lafiyarsa ga kyandir ɗaya ba.

Tana da jinkiri ƙwarai, musamman da damina idan ruwa ya yi laka. Sai mun sa alim ya kwanta tukuna, in ba haka ba kyandir ɗin ya toshe. Ga gida mai yawan jama'a guda ɗaya ba za ta wadatar ba. Yumɓun kuma yana sirancewa da yawan guga, idan ya tsage aikinsa ya ƙare ko da ruwan yana fitowa fes, ga shi ban samu na canji a kasuwannin kusa da mu ba sai da na aika Kano. Wanda zai saya ya haɗa da kyandir na biyu tun a shagon.