Battle for Wesnoth: wasan yaƙin da wurin tsayuwa ya fi takobi

Duk wanda ya saba zaman dara a majalisar Tudun Wada ba zai sha wahalar gane kan wannan wasa ba. Kyauta ne, David White ya fito da shi a 2003, kuma tsohuwar kwamfutar cinya irin ta shagunan titin Ahmadu Bello tana ɗaukarsa ba ko nishi. Da an sauke shi, an gama da maganar data.

An yanka filin gida-gida, kowane gida kusurwa shida. Mai mashi yana da taki 5 a kowane zagaye: ciyawa tana cin 1, kurmi ko tudu 2, ruwa marar zurfi 3. Amma abin lura shi ne inda ya tsaya. A ƙauye, kashi 40 cikin 100 ne damar a same shi. A ciyawa, 60. A cikin ruwa kuwa, 80. Nan sababbin 'yan wasa suke asarar runduna: su kutsa rafi don su kai hari da wuri, abokin gaba yana bakin gaɓa yana saran su son ransa.

Sai dokar tsare hanya. Sojoji suna da matakan girma, kuma wanda ya kai mataki na 1 yana riƙe da gidaje shida da ke kewaye da shi. Abokin gaban da ya taka ɗaya, tafiyarsa ta ƙare a nan. Saboda haka ba sai an jera sojoji kafaɗa da kafaɗa ba, mutum uku da tazara suna iya toshe faɗin fili. Wannan doka kaɗai ta isa a yaba wa wasan.

Yini guda, rana da darensa, zagaye shida ne. Sojojin rana, irin su mai mashi, suna ƙara kashi 25 na bugu da rana, su rasa 25 da dare. Idan magariba ta kawo kai, a ja da baya, a sa masu rauni a ƙauye, inda suke samun makin lafiya 8 kowane zagaye. Kada kuma a tura mahayin doki kan mai mashi: sukuwarsa tana ninka bugu a ɓangarorin biyu, ga shi mai mashi ne ke fara suka.

Aibinsa shi ne sa'a. Matsafi yana da damar samu kashi 70 ko ina abokin gaba ya laɓe, amma yakan kuskure sau uku a jere, kusan sau 3 cikin 100, kuma ranar da hakan ta faɗa kan gogaggen soja, abin da ciwo. Ga kuma buƙatar ɗan Turanci don bin labarin.

A fara da A Tale of Two Brothers, ɗaya daga cikin labaran yaƙin da ke cikin wasan, gajere ne. Wasan yana adana kansa kowane zagaye, don haka ko an ɗauke wuta batir ya mutu, daga nan za a ɗora. Mutum biyu ma suna iya karawa a kwamfuta ɗaya, wannan ya taka ya miƙa wa wancan.