Gargaɗi ga mazauna Legas: ku yi hattara da masu tallar na'urar rage kuɗin wuta

Assalamu alaikum jama'a. 'Yan uwa na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende, musamman masu shago da magidantan da ke da iyakwandishan, don Allah ku karanta ku tura wa na kusa da ku.

Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, kowa mafita yake nema. An ɗan sassauta daga baya, amma a nan Legas bai sauko ƙasa da naira 200 ba. To wannan ƙuncin ne wasu suka mayar kasuwa. Suna bi shago-shago, suna kuma talla a Facebook da WhatsApp, da Hausarsu rangaɗaɗau har da rantse-rantse, don ka saki jiki ka ce ai ɗan gida ne. Hajarsu wata 'yar na'ura ce mai fuska kamar agogon bango, wai daga Amurka aka kawo ta, wai ita ke daidaita sanyin ɗaki da kanta, kuma za ta rage maka kuɗin wuta da rabi. Sharaɗi ɗaya ne: ka fara tura kuɗi, sannan su aiko yaronsu ya ɗaura.

Ita na'urar saita zafi da sanyi bisa lokaci akwai ta, ba ƙarya ba ce. Amma an ƙera irinta, kamar samfurin da ake kira Nest, ne don gidajen Amurka da Turai, inda inji guda ke ɗumama ko sanyaya gida baki ɗaya, da wayoyinsa na musamman a cikin bango. Iyakwandishan ɗinmu na ɗaki ɗaya mai rimot ba shi da inda za a jona waɗannan wayoyi. Kuma ko a can, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka cewa ta yi ragin kuɗin ɗumama gida da sanyaya shi na iya kaiwa kashi 10 cikin ɗari a shekara, shi ma sai an sassauta saitin na tsawon awa 8 kullum. Kashi 10 ina, rabi ina?

Abin da suke maƙala wa mutane yawanci fanko ne: 'yar fitila mai ƙyalli da kafasita irin ta fanka, shi ke nan. Suna da wata dabara ta ɗaukar hankali. Za su ɗora abin awonsu a kan waya, su jona na'urar a soket, sai ka ga lambar amfiya, wato awon wutar da ke bi ta cikin waya, ta sauka a gaban idonka. Haka ne, kafasita tana iya sa ta sauka in akwai firiji ko fanka a kunne. Sai dai mitar gida ba amfiya take caji ba, ainihin wutar da kayanka suka ci take ƙirgawa, wannan kuwa bai motsa ba.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne waɗanda suka ga kuɗin wutarsu ya ragu da gaske, har suna yi wa mai kayan talla a masallaci. Ruwa ba ya tsami banza. Yayin da yaron ke cewa bari ya duba akwatin mita, sai ya zare layin iyakwandishan ya haɗa shi ta bayan mita. Na'urar bango ado ce kawai, satar wuta aka yi da sunanka. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci kan taɓa mita da zagaye ta, kuma ranar da ma'aikatan Ikeja Electric ko na Eko suka zo dubawa, mai mita za su riƙe: yanke wuta, tara, ga bashin abin da aka sha a baya. Shi kuwa mai kayan ya daɗe da kashe layin wayarsa. In gidan haya ne, ga rigima da mai gida. Ban ma zo kan haɗarin gobara ba, don irin wannan haɗin gaggawa da waya mara kauri ake yinsa.

Alhali sauƙin da ake nema yana cikin rimot ɗin da ke gefen gadonka. Iyakwandishan mai rimot yana da abin auna sanyi a cikinsa, da maɓallin saita lokacin kashewa. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin yunit ɗaya da ɗan wani abu a awa muddin injinsa na aiki, wato sama da naira 200 ga ɗan Band A. Sa shi a digiri 16 ba ya sa ɗaki saurin yin sanyi, hana injin hutawa kawai yake yi. Ka ajiye shi a 25 ko 26, ka kunna fanka, ka saita shi ya mutu kafin asuba, ka riƙa wanke ragar tace ƙura, ka toshe ƙasan ƙofa.

Duk wanda ya kawo maka irin wannan kaya, ka ce ya bar maka na gwaji ba tare da ya kusanci mita ba. Ka rubuta yunit ɗin da ya rage da dare da kuma da safe, kwana ɗaya da na'urar, kwana ɗaya babu ita. Za ka ga yadda zai fara kame-kame.

Wanda kuma ya riga ya bari aka taɓa masa mita, ya kira mai gyaran wuta da ya yarda da shi ya duba yau ɗin nan, sannan ya kai kansa ofishin kamfanin wuta na yankinsa kafin su ne su gano. Wanda ya tura kuɗi ya adana shaidar turawa da hirarsu ta WhatsApp, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kuma kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye, ta tarayya wato FCCPC, ko ta jihar Legas wato LASCOPA.