Idan tsohon wasa ya yi ƙaura zuwa sabuwar ƙasa: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk jerin wasan bidiyo da ya kai shekara goma ana yinsa, wata rana masu shi za su ga mutane sun fara gajiya, sai su tattara jarumin da makamansa su kai shi wata ƙasa. Daga Girka zuwa ƙasar ƙanƙara, daga Italiya zuwa Masar, daga wannan daular tatsuniya zuwa waccan. Tallan kan yi kyau ƙwarai, domin sabon wuri shi ne abin da ya fi sauƙin nunawa a bidiyon minti biyu. Abin da tallan ba ya faɗa maka shi ne ko ƙaurar ta kai har cikin wasan, ko kuwa fenti kawai aka sake wa tsohon gini.

Na taɓa faɗawa wannan ramin. Wani jerin wasa da na daɗe ina bi ya sanar da sabuwar ƙasa, na biya kuɗi tun kafin ya fito saboda hotunan duwatsu da birane da na gani. Sai da na yi awa goma a ciki na gane aikin da nake yi shi ne wanda na yi a wasan baya: je ka kashe mutum biyar, ɗauko min kaza, dawo ka karɓi lada. Sunayen garuruwa ne kaɗai suka sauya, kuma lokacin mayar da kuɗi ya riga ya wuce. Tun daga nan tambaya biyu nake yi kafin in saya. Shin sabon wurin ya canza abin da yatsuna ke yi a kan hannun wasa? Shin jarumin ya iso wurin a matsayin baƙo mai ɗauke da tarihinsa, ko an wanke shi tas kamar bai taɓa rayuwa ba?

Wasan da ya amsa duka biyun, kuma wanda zan ce ka fara da shi, shi ne God of War na 2018.

Jerin ya fara a 2005 a kan PlayStation 2, kuma har zuwa 2013 jaruminsa Kratos yana cikin tatsuniyoyin Girkawa yana ɗaukar fansa a kan gumakansu. Mutum ne mai fushi zalla. Farin da ke jikinsa ma tokar matarsa da ’yarsa ce, waɗanda ya kashe da hannunsa bayan an yaudare shi. A ƙarshen wasa na uku, na 2010, babu sauran wanda zai kashe a Girka, labarin ya ƙure. Kamfanin Santa Monica Studio, ƙarƙashin jagorancin Cory Barlog, ya yi tunanin Masar kafin ya tsaya a kan tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, ƙasar Odin da Thor.

Dubi yadda suka yi ƙaurar. Wasan ya buɗe da Kratos ya tsufa, ya tara gemu, yana sare itacen da za a ƙona gawar matarsa ta biyu, Faye. Wasiyyarta ɗaya ce: a watsa tokarta a kan dutse mafi tsawo a duniyoyi tara. Mutumin da ya shekara da shekaru da tokar iyalinsa manne a fatarsa a matsayin la’ana, yanzu ga shi ɗauke da tokar wata matar a ƙaramar jaka, kuma ya hana ɗansa Atreus ya riƙe ta. Wanda bai buga tsofaffin wasannin ba zai fahimci labarin sarai. Wanda ya buga kuwa, wannan jakar kaɗai ta isa ta sa jikinsa ya yi sanyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne Kratos bai iya karanta rubutun ƙasar ba. Duk inda aka ci karo da rubutu a jikin dutse ko ƙofa, sai ya kira yaron ya karanta masa. Jarumin da ya rushe dutsen Olimfos, mazaunin gumakan Girka, ya zama baƙon da ke dogara da ɗan yaro a kan harshe. Kai ma mai wasan baƙo ne, don haka tare kuke koyon wurin, kuma idan kun hau kwalekwale a Tafkin Tara, Mimir, wani mai hikima da ke tare da ku a tafiyar, yana ba ku labaran gumakan ƙasar da zaluncinsu, ya dakata idan kun sauka, ya ci gaba idan kun dawo. Ban taɓa ganin hanyar koyar da tarihin sabuwar duniya da ta kai wannan daɗi ba.

Yatsu ma sun sami sabon aiki. An cire maɓallin tsalle gaba ɗaya. Kyamara ta sauko daga nesa ta zauna a bayan kafaɗar Kratos, kuma daga farkon wasan har ƙarshe ba ta yankewa ko sau ɗaya. A maimakon wuƙaƙen sarƙa da aka san shi da su, yana riƙe da gatarin Leviathan, wanda za ka jefa ya daskarar da abokin gaba, ka ci gaba da dambe hannu zalla, sannan ka danna maɓalli ya dawo tafin hannunka da nauyinsa. Bayan awa talatin ina jin daɗin wannan dawowar kamar karon farko. Wani maɓallin kuma na Atreus ne, kai ke ba shi umarnin harba kibiya, don haka yaron ba kaya ba ne da ake ja.

Yana da nasa aibin. Manyan dodannin da ake gwabzawa da su suna maimaita kansu, musamman wani ƙato mai ɗauke da ginshiƙin dutse da za ka haɗu da shi sau da yawa cikin launi daban-daban. Lissafin sulke da lambobinsa ya yi yawa ga irin wannan labari. Duniyoyi shida cikin tara ne kawai ake shiga. Sannan wasa ne na manya, an yi masa alamar shekara 18 a Turai saboda zubar da jini, kada ka saya wa yaro. Duk da haka shi ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a The Game Awards na 2018, a shekarar da Red Dead Redemption 2 ya fito. Yana kan PlayStation 4 da 5, ya kuma zo kwamfuta a Janairun 2022, inda yake neman wajen giga 70. God of War Ragnarök na 2022 ci gaban labarin ne kai tsaye, ya buɗe duka duniyoyi tara, amma kada ka fara da shi, kuma a kwamfuta yana cin giga 190.

Na biyu a wurina shi ne Assassin’s Creed Mirage na 2023. Wannan jerin tun 2007 ƙaura ce sana’arsa, amma Mirage ya kai mu Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, daga shekarar 861, da Baitul Hikima da kasuwanni da zagayayyen birnin halifa. Ana iya kunna shi da muryoyin Larabci gaba ɗaya, kuma haka ya kamata a buga shi. Birnin cunkushe yake, rufin gidaje kusa da juna, don haka wasan ya koma sanɗa da ɓuya kamar na farkon jerin. Labarin jaruminsa Basim bai kai zurfin na Kratos ba, faɗan takobi ma ba wani abin yabo ba ne, amma gajere ne, cikin awa ashirin ka gama, kuma birnin ya cancanci a zaga shi. A cikin wannan jerin dai, Origins na 2017, wanda ya koma Masar ta zamanin Kiliyofatara da jaruminsa Bayek, shi ma ƙaura ce ta gaske domin ya sake tsarin faɗan tun daga tushe. Valhalla na 2020 kuwa tsawo ne ya yi masa yawa, Ingila mai faɗi da aiki iri ɗaya.

Final Fantasy XVI na 2023 yana da faɗa mai ƙayatarwa da duniya mai duhu mai suna Valisthea, amma wannan jerin tun 1987 kusan kowace lamba sabuwar duniya ce da sababbin mutane, babu wanda ya ɗauko tarihinsa ya zo da shi. Akwai samfurin gwaji kyauta, gwada shi ka yanke hukunci da kanka. Dragon Age: The Veilguard na 2024 ya koma arewacin nahiyar Thedas, sai dai zaɓi uku kacal ya karɓa daga wasan 2014, kuma ga jerin da aka gina a kan cewa hukuncinka yana bin ka, wannan ya ishe ni dalilin wucewa.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, domin zaɓen wasa mara daɗi asara ce ƙarama idan aka kwatanta da abin da mazambata ke yi.

Duk lokacin da aka fara raɗe-raɗin cewa wani jeri zai koma sabuwar ƙasa, bidiyoyin talla na bogi sukan cika YouTube da Facebook. Za ka ga Kratos a gaban dalar Masar, hoto tar, kiɗa mai tayar da tsikar jiki, har da tambarin kamfani a kusurwa. Kyan ɗan maciji ne. Wasu masoya ne suka haɗa don nishaɗi, wasu kuma da ƙirƙirarriyar basira aka yi su don a ja ka zuwa shafin da zai ce ka biya tun yanzu a ajiye maka. Cinikin biri a sama ke nan. Idan sanarwar ba ta fito a shafin kamfanin da ya yi wasan ba, ko a cikin shagon PlayStation ko Xbox ko Steam, shagon wasannin kwamfuta, to babu wasan. The Elder Scrolls VI misali ne: ɗan gajeren bidiyon duwatsu aka nuna a 2018, kuma tun daga lokacin ake ta yaɗa tallan ƙarya da sunansa.

Sai masu sayar da asusu. Wannan ni ma ya cije ni, kuma wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya ja da baya. Wani mai talla a intanet ya ba ni wasa a rabin kuɗinsa, sharaɗin kawai in shiga da asusun da zai turo min. Ya yi aiki mako uku. Ranar da na kusa kammala labarin, na kunna na tarar da alamar kwaɗo a kan wasan, an sauya kalmar sirri, mai tallan kuma ya toshe ni. Yadda abin yake shi ne asusu ɗaya ake sayar wa mutane da yawa, ko kuma da katin banki na sata aka sayi wasan, idan mai katin ya kai ƙara sai a rufe asusun da duk abin da ke ciki. Lambobin kunna wasa masu arha fiye da hankali su ma haka, ana iya soke su bayan ka shigar. Arha ba ta ado. Wasan da ba a cikin asusunka na kanka yake ba, aro aka ba ka.

Kada kuma ka sauke wani abu a wayar Android da sunan God of War na 2018 ko Ragnarök. Ba a yi su don waya ba, abin da ke cikin fayil ɗin ko dai tallace-tallace ne ko manhajar satar bayanai. Mirage ya zo waya a 2024, amma a kan iPhone 15 Pro zuwa sama da wasu iPad, ta shagon Apple.

A wajen faifai, duba suna da kyau. Akwai God of War na 2005, akwai God of War III Remastered na 2015 a kan PlayStation 4, akwai na 2018, kuma mai son yi maka ungulu da kan zabo zai rubuta suna ɗaya ga duka. Na 2018 shi ne mai hoton Kratos da gemu da yaro a cikin kwalekwale. Idan faifan na hannu ne kuma an ce bugu na musamman ne mai ƙarin kaya, ka ɗauka an riga an yi amfani da lambar da ke cikin kwalin, kada ka biya ƙari dominta. Faifan PlayStation 4 da 5 yana aiki a na’urar da aka yi shi dominta ko daga wane yanki ya fito, amma ƙarin labari da za ka saya daga baya dole yankinsa ya dace da na faifan, in ba haka ba ba zai buɗe ba. Ka kuma tabbatar na’urarka tana da wurin saka faifai, domin akwai PlayStation 5 da ba ta da shi.

Ka san ƙa’idar mayar da kuɗi kafin ka danna saye. A Steam kana da kwana 14, muddin ba ka buga fiye da awa biyu ba. A shagon PlayStation ma kwana 14 ne, amma da zarar ka fara sauke wasan dama ta wuce, sai idan yana da matsala. Saboda haka idan kana da kwamfuta mai ƙarfi kuma kana shakka, saya a Steam ka sa ido a kan agogo. A God of War na 2018 awa biyun sun isa ka jefa gatarin, ka yi farautar barewa da yaron, ka kuma haɗu da baƙon da ke ƙwanƙwasa ƙofar gidan Kratos.