Sharhi: Murhun gas mai kai biyu, na kan tebur

Hayaƙin risho da tsadar kananzir ne suka kore ni zuwa gas. Murhun da na saya irin na ɗorawa kan tebur ne, mai kai biyu, babba da ƙarami, jikinsa farin ƙarfe da ba ya tsatsa. Na haɗa shi da tukunyar gas mai kilo 12.5. Kyan jiki bai dame ni ba, duk kamarsu ɗaya a kasuwa. Wutar nake so in yi magana a kai.

Ƙaramin kan tun ranar farko wutarsa shuɗiya ce shar, gajera, tsaye cak a kan ramukanta. Babban kuwa bakin harshensa rawaya ne, yana tsawo yana lasar gefen tukunya, kafin miya ta nuna gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin. Raina ya ɓaci, don wannan baƙin ne na gudo wa. Mai gyaran da na kira ya kifa murhun ya nuna mini wani ɗan faifan ƙarfe mai buɗe ƙofar iska ko rufe ta a ƙarƙashin kowane kai. Gas yana fitowa da ƙarfi ta wani ɗan mitsitsin rami, ya jawo iska ta wannan ƙofa, su gauraya kafin su isa inda wuta take. Ya sassauta noti, ya ƙara buɗe ƙofar kaɗan, nan take rawayar ta ɓace. Da ya wuce gona da iri sai wutar ta fara gurnani tana ɗagowa daga kan, ya mayar da ita baya. Ya ce, "Hajiya, iya nan, kar a ƙara taɓa shi."

Idan iska ta wadata, gas yana ƙonewa ƙurmus, zafin harshen ya kai kusan digiri 1,900 a ma'aunin Selsiyos, abin da ke fita kuma tururin ruwa ne da iskar kabon dayoksaid. Idan iska ta gaza, ƙananan ɓurɓushin gawayi ne ke haskawa su ba da rawayar nan, su manne a tukunya. Wato kuɗin gas ɗinki ne kike kankarewa da soso. Mafi muni, irin wannan wuta tana fitar da kabon monoksaid, iska mai kisa da ba ta da wari ba ta da launi. Shi ya sa ko a sanyin hunturu taga ɗaya a buɗe take a kicin ɗina. Wannan ɗan faifan shi ne babban abin da zan yaba wa murhun, don na ga masu arha da babu yadda za a daidaita musu iska.

A lura, ƙyalli mai ruwan lemo da ke gilmawa a wutar lokacin ƙurar hunturu, ko in ruwan gishiri ya zuba, daban ne. Ba ya baƙanta tukunya, kuma da kansa yake wucewa.

Takardar cikin kwalin ta ce murhun na gas ɗin tukunya ne kaɗai. Namu na tukunya haɗin gas iri biyu ne, furofen da butan. Wanda ake jawowa gidaje ta bututu a Ingila kuwa metan ne, irin wanda aka soma shimfiɗa wa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano a 2020. Metan na bukatar iska kamar ninki 10 na yawansa, furofen kusan 24, don haka ramin murhun metan ya fi faɗi. Wanda ya yo tsarabar murhu daga waje ya jona masa tukunya ba tare da an canza ramin ba, wuta ce doguwa mai hayaƙi zai gani. Sannan metan ya fi iska sauƙi, sama yake yi in ya tsiyaya. Namu ya fi ta nauyi, ƙasa yake kwanciya. Warin da muke ji ma zuba masa aka yi don a gane yoyo. Ni dai duk canjin tukunya sai na shafa ruwan sabulu a bakin tiyo na duba kumfa.

Inda murhun ya gaza: makunninsa mai ƙyastu bai daɗe ba ya fara gardama, na koma ashana. Babban kan ba ya yin ƙasa sosai, in aka rage shi don turara shinkafa sai ya mutu, dole a koma ƙaramin. Ƙafafun da tukunya ke zama a kai kuma sirara ne, tuƙin tuwon gida mai mutane da yawa sai da wani ya riƙe tukunyar.

Ga ƙaramin iyali zan ce a saya. Amma a sa mai shago ya jona gas ya kunna kawunan biyu kafin a biya, a kuma leƙa ƙasa a tabbatar ƙofar iskar tana motsi.