Akwatunan zaɓi 14 a fom ɗin ziyara: teburi ko grid?

Wani ɗan'uwanmu a Jidda yana haɗa fom na intanet inda masu Umara za su zaɓi wuraren ziyara 14, irin su Kogon Hira, Arafat, Uhudu da Masallacin Ƙuba. Yana so akwatunan su jeru huɗu-huɗu, ya tambaya ko teburin HTML ya fi ko grid, wato tsarin jera abubuwa na CSS (harshen tsara kamannin shafi).

Malam, in teburi ne, kai za ka yi rabon. A PHP, harshen da ke aiki a saba, `array_chunk($wurare, 4)` zai ba ka rukuni-rukuni, kowane rukuni layin `tr` guda. To 14 ba ta rabuwa huɗu-huɗu: layi uku za su cika, na huɗu ya tsaya da biyu, sai ka ga giɓi a kusurwa. A cike shi da gurbin `td` mai `colspan="2"`. Wannan ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce waya, domin yawancin masu cike fom ɗin da ita za su cike. A allo mai faɗin fiksel 360, kowane gurbi da ƙyar ya kai 90, "Masallacin Ƙiblataini" ya karye gida biyu ko teburin ya fice daga allo. Teburi ba ya naɗewa.

Grid kuwa ba ruwanka da lissafi. Saka akwatunan a `div` cikin `fieldset` mai `legend`, ka ba shi `display: grid`, `gap: 12px` da `grid-template-columns: repeat(auto-fill, minmax(150px, 1fr))`. A waya su koma biyu-biyu da kansu. A kwamfuta sa `max-width: 640px`, ba za su wuce huɗu ba, don huɗu sau 150 da tazara uku 636 ke nan. Ga aikinka, grid nake ba ka shawara.

Tunda wasu da Larabci za su karanta, `dir="rtl"` yana juya teburi da grid duka, akwatin farko ya koma dama. Amma `margin-right` ba ya juyawa, sai akwati ya manne da rubutu. Yi amfani da `margin-inline-end`.

Kowanne ka ɗauka, nannaɗe akwati da sunansa cikin `label` ɗaya, dattijo ya taɓa sunan wurin kawai ya samu alama. Sunan akwatin a HTML kuma ya zama `name="wuri[]"`; in ka manta baka biyun nan `[]`, PHP zaɓi na ƙarshe kaɗai zai riƙe. Akwatin da ba a taɓa ba ba a aika shi sam, saboda haka karɓa da `$_POST['wuri'] ?? []`.

Inda teburi ya fi shi ne in zaɓin na da fuska biyu, misali ranaku a sama, wurare a gefe, mutum ya sa alama a mahaɗa. Nan sa `th` mai `scope="col"` da `scope="row"`, kowane akwati kuma da `aria-label` irin "Uhudu, Talata", don manhajar makafi ta karanta shi daidai.